Gefen Daman Baba

Ranar da Baba ya ci gwajin ido, kowa a gidanmu ya yi murna ban da ni. Ya shigo da sallamarsa mai ƙarfi, sabon lasisin a hannu yana fifita da shi, ya ce wai har layin ƙasa ya karanta, ƙananan haruffan nan da samari ke tsayawa suna matse ido a kansu. Yayana ya karɓa ya juya gaba da baya, ya ce Baba ai sai dai a gwada wasu. Mama ta yi hamdala ta tashi ɗora ruwan shayi. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar kicin raina yana tafasa, don tsakani da Allah addu'a na yi ta yi ya faɗi.

Kada a ɗauke ni 'yar da ba ta son ubanta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, kuma duk gidan an san ni ce ta gaban goshi. Direba ne tun kafin a haife ni. Ya ja babbar mota, ya ja ta haya, da girma ya zo ya koma jan bas ɗin wata makarantar firamare, ya kwaso yara da safe ya mayar da su da rana. 'Yata tana cikin yaran. Abokan aikinsa Agogo suke ce masa saboda ba ya makara, kuma bai taɓa buge ko akuya ba. Yana da wani hon nasa na musamman tun muna ƙanana: gajere, gajere, sai dogo. In ya hango ɗan gida a titi, ko daga wace nisa, sai ya danna. Na sha jin kunyar hon ɗin nan ina budurwa, in ina tafe da ƙawayena ya tona mini asiri a tsakiyar kasuwa.

Ni tela ce, shagona yana bayan layinmu, mijina kuma aikinsa na tafiye-tafiye ne, don haka kusan kullum a gidan iyayena nake cin abincin rana. A wurin cin abincin na fara gani. Watannin baya Baba ya yi wani ciwon kai mai tsanani da jiri, ya ce zazzaɓi ne, ya sha magani ya miƙe. Bayan nan sai na lura yana cinye ɓangaren hagu na farantinsa tas, ya bar na dama ko taɓawa bai yi ba, iyakar a miƙe kamar an yanka da almakashi. Sai ya nemi ruwan wanke hannu. A daidai lokacin Mama za ta miƙa hannu, bakinta bai daina hira ba, ta juya farantin. Shi kuma ya ci gaba da ci kamar an ƙaro masa.

Da idona ya buɗe sai na ga ashe gidan gaba ɗaya ya koma hagu. Kujerar Mama, wadda tun tasowata take dama da tasa, ta dawo hagu. Kofin shayi hagu ake ajiye masa. Takalmansa hagu da ƙofa. Rediyo ma an canza masa kusurwa. Sannan a jikin ginshiƙin get, na dama in za ka shigo, akwai rawayen fentin bas, layi a kan layi.

Na bi Mama kicin a ranar murnar nan, na ja ƙofa.

"Mama, tun yaushe kike juya masa faranti?"

"Wane faranti kuma? Miƙo mini murfin can."

"Mama."

Ta karɓi murfin ta rufe tukunya, ta daɗe tana gyara masa zama alhali ya zauna. "Tsufa ne. Ke ma zai zo miki."

"Tsufa ba ya raba shinkafa biyu. Ba ya ganin dama, Mama, kin fi ni sani. Dama kuwa nan ne bakin titi, nan yara suke hawa, nan suke sauka."

"Ya ci gwaji ko bai ci ba? Hukuma ta duba shi ta sa hannu, ke da ni wa ya aike mu?" Ta rage murya. "In kika raba mutumin nan da sitiyari me kika bar masa? Zaman gida kashe shi zai yi, ina gaya miki."

"To 'ya'yan mutane fa?"

Ta ɗauki tire ta fita, na kuwa ga gefen da ta ajiye masa kofin.

Yayana da na same shi da maganar dariya ya yi mini. Ya ce tun ina yarinya in na kafe a kan abu sai an mare ni nake saki, yanzu kuma na zama likitan ido da keken ɗinki. Na ce ya je ya duba ginshiƙin get. Ya ce get ɗin ne ya yi ƙunci. Get ɗin da bas ɗin nan ya shekara da shekaru yana shiga ba ko ƙwarzane, yau shi ne ya tsuke. Na rabu da shi kafin in faɗi abin da za a kira mini taron dangi a kai.

Washegari na rufe shago na tafi ofishin da ake gwajin. Ɗaki ne siriri, fanka tana juyawa a kasale, allon haruffa a bangon ƙarshe, an ja farin layi a ƙasa inda mutum zai tsaya. Mai gwajin dattijo ne mai tabarau, na shiga da shirin faɗa, sai ya miƙo mini kujera. Ya tuna Baba sarai, ya ce mutumin da ya karanta layin ƙasa yana yi masa ba'a. Na zayyana masa faranti, da kofi, da get. Ya cire tabaran ya goge.

"Malama, ban ce ƙarya kike yi ba," ya ce. "Na taɓa jin irin wannan. Idon lafiyarsa lau, a kai matsalar take, sai gefe guda ya ɗauke, mai shi ma bai sani ba. Amma ni abin da aka ce in tambaya shi ne, daga wannan layin, ya karanta wancan layin? Ya karanta. Ko ni ban kai shi ba."

"To amfanin gwajin me ne? Mota haruffa take bugewa ko mutane?"

"Amfaninsa shi ne yana tare wa masu haɗari da yawa hanya. Ba ya tare duka. In aka ce kowane mai gwaji ya yi aiki da abin da ransa ya raya masa, gobe wanda ban so fuskarsa ba sai in hana shi, wanda ya yi mini alheri in ba shi. Layin nan ni ma ya ɗaure ni." Ya mayar da tabaran. "A asibitin ido akwai na'urar da ke gwada gefe. In likita ya rubuto, lasisin zai tsaya. Amma da ƙafarsa zai je, ba a kai babba da ƙarfi."

Na fito ban samu wanda zan zaga ba, wannan kuwa ya fi komai ƙona mini rai.

Da la'asar na sami Baba a tsakar gida yana wanke bas. Shi yake wanke abinsa, ba ya yarda kowa ya taɓa. Na zagaya ta hagunsa, sai na tsargu da kaina, ashe ni ma na koyi halin gidan. Na gaishe shi, na ɗauki tsumma na kama goge fitila, na ce ina so mu je asibitin ido a duba shi.

"A duba me? Jiya-jiya aka duba."

"Gefe za a duba, Baba. Ba ka ganin abin da ke damanka."

Ya miƙe tsaye, ruwa yana ɗiga daga soson. Ya juyo da kansa gaba ɗaya ya kalli dama, ya lissafa mini randa, da igiyar shanya, da keken jikarsa. "Me kuma ya rage ban gani ba?"

"Sai da ka juya."

"To da wuya aka halicce ni don me?"

Na kawo faranti, ya ce ƙoshi ne. Na kawo get, ya ce birki ne yake so a ɗaure. Sai ya jefa soson a bokiti, ya ce in saurara.

"Kin san Sannu-Sannu?"

Na san shi. Amininsa ne, tare suka yi ƙuruciya a tasha, yanzu yana sayar da lemo da ruwan sanyi a bakin gareji.

"Duk garin nan ba a yi direba mai hankalinsa ba. Bai taɓa wuce ƙa'idar gudu ba, bai taɓa tuƙi da gajiya ba, in ya ga kaza a titi tsayawa yake ta gama shawara. Layi ɗaya ya kasa karantawa, ko da tabarau. Ɗaya. Aka karɓe lasisin. Na je na roƙa, na ce ku hau motarsa ku ga tuƙinsa. Aka ce doka ce. Muka haƙura, muka ce doka ce. A ranar kuwa aka ba wani yaro da na san sai ya sha ƙwaya yake hawa mota, don shi idonsa garau. Yau dokar nan ta ce na isa, sai ke, Uwata, ki ce ba ta isa ba? In ta yanke a kan Sannu-Sannu daidai ne, in ta yanke mini kuskure ne?"

Rabin maganarsa gaskiya ce. Na ce, "An zalunci Sannu-Sannu, na yarda. Amma zaluncin da aka yi masa ba zai sa ka ga yaron da ya fito daga lungu ba."

"Fita mini daga ido," ya ce. Bai taɓa gaya mini haka ba.

Daga ranar na cire 'yata daga bas. Na riƙa kama hannunta muna takawa, tafiya mai nisa, tana mita tana cewa ita motar Kaka take so. Mama ta gaya mini Baba ya kan tsaya a ƙofar gidana kamar kullum, ya jira kaɗan, sannan ya ja. Abin ya yi mini ciwo. Abin da ya fi shi ciwo shi ne wata safiya da na ga matar mai walda ta layinmu tana ɗora tagwayenta a bas, tana gyara musu jaka, ta ɗago ta ce mini, "Ai mu in Baba ne a gaba, barci muke har da minshari." Na yi mata murmushi, na wuce da tawa 'yar a hannu. Na ji kaina ƙazama. Na tsame tawa na bar nata.

A nan na yanke shawara. In har Baba bai ajiye da kansa ba, zan je wurin shugabar makarantar in faɗa mata komai, ko da zai mutu bai ƙara ce mini Uwata ba. Amma ban so a karɓe masa mukulli a ofis, a gaban masinja da malamai. Mutumin nan ya cancanci ya ajiye da hannunsa. Matsalar ita ce yadda za ka nuna wa mutum abin da ba ya gani, alhali shi a wurinsa babu abin da ya ɓace.

Hon ɗin ne ya faɗo mini. Na ɗauko wani mayafi ruwan lemo da shi ya sayo mini, wanda ko daga ƙarshen layi ana gane ni da shi. Bayan na kai 'yata makaranta tun da sassafe, na dawo na tsaya a bakin titi kusa da gidan burodi, daidai inda ya kan rage gudu saboda kwana. Bas ya zo, yara suna ihu a ciki. Na ɗaga hannu. Ya wuce ni yana kallon gabansa, fuskarsa a sake, har yana motsa baki yana bin waƙar yaran. Wata yarinya ta leƙo ta taga ta ɗaga mini hannu. Hon bai yi ba.

Na san haka za a yi, amma sai da na zauna a kan dakalin mai burodi. Na maimaita washegari, na sake maimaitawa, ina canza wuri, ko da yaushe a dama. Rana ɗaya na tsallaka na tsaya a hagu don in cire wa kaina shakka. Tun daga nesa na ji shi: gajere, gajere, dogo. Duk da fushin da yake yi da ni, hannunsa bai iya wuce ni ba.

Ranar da zan gaya masa na zaɓi lokacin abincin rana, Mama tana zaune, Yayana ma ya shigo. Na faɗi wuraren da na tsaya, da rigar da ya sa kowace rana, da waƙar da yake bi.

"Ƙarya ne," ya ce. "Sau ɗaya na gan ki, na kuma yi miki hon."

"A hagu nake ranar."

"Ke dai kin ɓuya a bayan wani abu."

"Baba, in ba ka je asibiti ba, ranar da aka koma makaranta zan je wurin shugaba. Na gaya maka a gaban Mama don kada a ce na yi a ɓoye."

Yayana ya miƙe zai yi kaina, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya dube ni, idanun nan garau, ba abin da za ka gani a cikinsu ka ce da matsala.

"Gobe ba makaranta," ya ce. "Zan fita da bas ba kowa a ciki, in bi hanyata tun daga farko har ƙarshe. Ki tsaya duk inda kika ga dama, a daman da kike ta faɗa. In na wuce ɗan gidan nan ban yi hon ba, ki karɓi mukulli. In na yi, ki mayar mini da jikata mota, kuma kada in ƙara jin maganar nan."

Na ce na yarda, amma nan take na ga kuskurena. Mutumin da ya san ana jiransa zai yi ta juya wuya, ya san mayafin, ya san wuraren da na saba tsayawa. Yaro kuwa ba ya aiko da sanarwa kafin ya fito daga lungu. Na riga na amsa, ba halin janyewa. Na ƙudura a raina ko ya ci wannan zan saɓa alkawari in je wurin shugaba, in ya so a kira ni maƙaryaciya. Mama duk wannan tana tattara kwanuka. Na dai lura ranar ba ta juya farantin ba, ta ɗauke shi da rabinsa.

Da safe na tsaya gaba kaɗan da gidan burodi, inda titin ya miƙe bayan kwana. Daga nan ina hango bakin wani lungu da ke baya, wanda yara suka fi fitowa daga cikinsa in sun ji ƙarar bas. Titin ba cunkoso, sai masu babur jefi-jefi da wani mai tura baro. Ina tsaye ina gyara mayafi sai na ga wata mata ta fito daga lungun ta tsaya a bakin kwalbati. Tsayuwar na fara ganewa kafin fuskar. Mama ce, da shuɗin mayafinta na unguwa, matar da ba ta zuwa ko shagon layi sai da dalili. Ban gaya mata inda zan tsaya ba, ba ta gaya mini za ta fito ba.

Bas ya ɓullo daga kwana a hankali. Ina hango Baba ta gilashi, ya tattaro kan sitiyari, yana juya kai dama, ya dawo, ya sake juyawa. Wani mai babur ya zo zai wuce shi ta hagu, Baba ya kai ido madubi, kamar yadda kowane direban kirki zai yi. A daidai nan Mama ta sauko daga kan kwalbati, taku ɗaya zuwa cikin titi, ta ɗaga hannu sama. Bas ya gifta dab da ita ya wuce, iskarsa ta ɗaga mata mayafi har sai da ta dafe shi. Bai rage gudu ba, bai kauce ba.

Sai ya juyo da kai ya hango ruwan lemo. Gajere, gajere, dogo. Ya sake dannawa, ya kuma sakewa, har mai burodi ya leƙo. Ya taka birki a gabana, ya buɗe ƙofa yana dariya, irin dariyar da na daɗe ban gani a fuskarsa ba.

"To, Uwata? Tun daga kwana na hango ki. Hau mu je gida, ki shirya mini jikata."

Na hau matakalar na tsaya.

"Baba, Mama fa?"

"Tana gida mana."

"Duba madubinka na dama."

Ya juya ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Tana nan inda take, a cikin titi, ba ta koma kan kwalbatin ba. Ya kashe mota, ya ja birkin hannu, ya sauka. Na bi shi a baya, na bar tazara. Tafiyar ba nisa, amma ya yi ta kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Yaushe kika zo nan?" ya ce da ita.

"Na riga ka, Malam."

"A cikin lungu kike."

"A nan nake, inda ka gan ni yanzu. Na ɗaga maka hannu." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Ka ɗiga shayi a gaban rigarka, na gani da ka zo wucewa. Da na miƙa hannu da na taɓa ƙofar."

Ya sunkuya ya dubi rigar. Tabon yana nan.

"Ni na ɓoye maka," ta ce. "Ni nake juya maka faranti, ni na kwashe kayanka na mayar hagu. Na ce ina rufa maka asiri. Jiya na zauna na tuna tsawon tagwayen mai walda, ko madubin ba su kai ba."

Baba bai yi musu ba. Da ni ce da ya yi, da ya ce na ɓuya, da ya ce babur ne ya ɗauke masa hankali. Amma matar nan tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban kowa ba, ya kuma sani. Ya dubi bakin lungun, ya dubi inda tayar bas ta bi, ya auna tsakaninsu da ido. Sai ya juya ya koma wurin motar. Na ɗauka tafiya zai yi ya bar mu, har na yunƙura. Ya hau, ya zauna a kujerarsa, ya dafa sitiyari da hannu biyu. Sannan muka ji hon, a hankali, ba irin na ɗazu ba: gajere, gajere, dogo.

Mama ta rufe baki da gefen mayafi. "Na ji, Malam," ta ce, ko da yake ba zai jiyo ta daga can ba.

Ya sauko ya kulle ƙofar, ya zagaya ya gwada ta baya kamar yadda ya saba, ya dawo ya miƙo mini mukullin. Yana da ɗumi.

"Ki kira yayanki ya zo ya mayar wa makaranta da motar. Ki ce ya kula da get." Ya share fuska da tafin hannu. "Asibitin nan, da safe ake zuwa?"

"Da safe, Baba."

"To ki zo da wuri. Ba na son makara."

Na ci nasara, ban kuwa taɓa jin abu mai ɗaci irinta ba. Na tsaya riƙe da mukullin ina kuka a bakin titi, mai burodi yana kallona, ban damu ba. Su kuma suka kama hanyar gida a ƙafa. Mama ta fara tafiya a hagunsa kamar yadda ta saba a watannin nan, sai ta dakata, ta zagaya ta koma damansa, tsakaninsa da kwalbati. Bai ga ta koma ba. Ya juya hagu yana nemanta, sai ta kamo hannun rigarsa daga can gefen.